Dan Allah wa ya san gwajin yuroplakin? Ba na son a saka min kyamara a mafitsara

Maman Biyu: Salam 'yan uwa, shawara nake nema. Watanni kenan ina fama da zafin fitsari da ciwon mara, cikin dare kuwa ba na barcin kirki. Abin ya fara ne bayan na koma aiki, banɗakin ofis ɗaya ne kuma kullum a kulle, shugabarmu in kin fita sau biyu sai ta bi ki da harara, shi ne na saba riƙe fitsari har a tashi, ga maigida gani yake raki ne kawai, ga yara. An yi kalca, wato gwajin neman ƙwayar cuta a fitsari, ba a ga komai ba, antibayotik kuwa na sha kala-kala. Yanzu likita ya ce sistoskofi, wai a zura siririyar kyamara a leƙa ciki. Wlh tsoro nake ji. Na karanta akwai wasu furotin a bangon mafitsara, yuroplakin, wai ana iya gane matsala da su a fitsari. Wa ya taɓa yi?

Hajiya Babba: Ayya sannu 'yata. Sanyi ne ya kama ki sosai, ki sake zagayen magani ke da maigidan tare. Ni nawa ai ƙin sha ya yi, har yau ni kaɗai ke wahala, maza sai addu'a.

Yayan Lab: Hajiya da girmanki, amma kalca ta fito fes, me za ta kashe da antibayotik? Ƙanwata saurara. Yuroplakin gaskiya ne, manyansu guda 4 ne, Ia, Ib, II da IIIa, su ke haɗuwa su shimfiɗe saman bangon kamar tayil don kar fitsari ya ratsa cikin tsoka. Tung-Tien Sun da abokan aikinsa a Jami'ar New York suka tace su daga mafitsarar saniya a 1990. Kuma a jikin Ia ɗin ne ƙwayar cutar E. coli ke maƙalewa in za ta kama mutum. Toh amma inda muke amfani da su da gaske a tsokar da aka ciro ne, a rina ta a duba II ko III, don a tabbatar cutar kansa daga bangon hanyar fitsari ta taso. Auna su a fitsari har yanzu matakin bincike yake, ba abin da za ki shiga ki ce a yi miki ba ne.

Maman Biyu: Yaya amma na ga wani gwaji wai shi NMP22, shi ai na fitsari ne.

Yayan Lab: Wannan daban ne, furotin ne na cikin ƙwayar halitta, ana taimakawa da shi wajen bibiyar kansar mafitsara. Tsakuwa ko infekshin ko jini duk suna sa ya nuna akwai alhali babu. Ko me ya nuna ƙarshenta kyamarar dai za a koma. Ki je kawai, mintuna ne, akwai man kashe zafi, ba abin da za ki ji.

Ƙanwar Kowa: Hmm Yaya kar ka ce ba abin da za ta ji. Ni an min, na kwana biyu fitsari na min raɗaɗi, kuma nas ɗin ko sannu babu. Daga baya aka ce ciwon mafitsara ne mara ƙwayar cuta, wanda bangon ke rauni. Anti ki nemi likita na biyu tukunna.

Baban Yara: Ba ki faɗi shekarunki ba. Akwai jini a fitsarin? Kin taɓa tsargiya? Akwai mai shan sigari a gidan?

Maman Biyu: Ni fa ba gudun asibiti nake ba, kowa ya san jikinsa. Jinin sau ɗaya ne kuma ɗan kaɗan, ina ga na al'ada ne shi ya sa ban ma gaya wa likitan ba. In dai furotin ɗin na zubowa a fitsari me zai hana a fara dubawa, ai ba a rasa inda ake yi.

Yayan Lab: Jini?? Kuma kika ɓoye? Ki kira shi gobe ki gaya masa, wannan ya fi duk abin da muke ta musu a kai.

Hajiya Babba: Kar ku tsorata yarinya mana, ni ma na ga jini kuma ga ni.

Maman Biyu: Zan duba dai. Wacce aka yi wa NMP22 ɗin dan Allah ta min magana.