Ina za a kai yara wasan ruwa a Legas a wannan bazarar?

Baban Sadiya, Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Zafin bana ya tsananta, kuma yarana uku sun matsa mini da roƙon in kai su ruwa idan an yi hutun makaranta. Ni a bakin kogin Haɗejia na tashi, inda iyo yake cikin wasanninmu na yarinta, amma ruwan Legas ban san halinsa ba. Shin kogin Ogun da yake wucewa ta Kara zai yiwu a shiga da yara, ko kuwa gara babban tafkin da Gadar Third Mainland ta ratsa? Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a garin nan.

Ɗan Kara:

Wa'alaikumus salam, Malam. A kasuwar shanu ta Kara nake sana'a, kogin Ogun kuma kullum a gabana yake, saboda haka ina roƙonka don Allah kada ka saka yaranka a cikinsa. Jini da ƙazantar mayanka da kashin dabbobi duk a cikinsa suke ƙarewa, ban da sharar unguwannin da ke gaɓarsa. Sannan akwai masu haƙar yashi, waɗanda suke barin ramuka masu zurfi a ƙarƙashin ruwa, ta yadda mutum zai taka wurin da bai kai gwiwa ba, taku na gaba kuma ya nutse gaba ɗaya. Idan damina ta yi nisa, musamman a watannin Satumba da Oktoba, ana sakin ruwa daga madatsar Oyan da ke Jihar Ogun, kogin ya cika ya malale har cikin gidajen Isheri da yankin Mile 12. Ko a can sama inda ruwan ya fi tsabta a ido, garuruwan da ke kewaye da madatsar sun daɗe suna fama da tsargiya, cutar da ake ɗauka a ruwan da katantanwa ke rayuwa, kuma yara masu iyo ta fi kamawa.

Maman Hanifa, Obalende:

Malam, abin da Ɗan Kara ya faɗa gaskiya ne, kuma tafkin ma ba wurin iyo ba ne, domin magudanan ruwan birnin nan da yawa a cikinsa suke zuba. Amma hakan ba ya nufin yaran su haƙura. Tafkin wurin yawo ne a cikin jirgi, kuma ni a ganina yaron da aka haifa a Legas bai kamata ya girma bai taɓa ganin garinsa daga kan ruwa ba. Akwai tashar Five Cowries a Falomo, inda hukumar LASWA take, wadda gwamnatin jiha ta kafa a 2008 domin kula da sufurin ruwa, kuma jiragen LAGFERRY na gwamnati suna jigila tsakanin wurare irin su Ikorodu da CMS, wata tasha da ke tsibirin Legas.

Idan kuwa shiga ruwan suke so, ka kai su Tarkwa Bay, wata gaɓar teku da ake zuwa wasan ruwa. Sai da jirgi ake zuwa, tafiyar ba ta da nisa daga CMS ko Victoria Island, kuma dogayen katangun duwatsu da aka jera a mashigin tashar jiragen ruwa suna rage ƙarfin igiyar teku kafin ta iso gaɓar. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, iyon kogi daban ne da na teku. A gaɓar da take fuskantar Atlantika kai tsaye, irin ta Lekki, akwai wuraren da ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, yana jan mutum nesa da gaɓa, kuma wanda ya yarda da kansa shi ya fi shiga haɗari, saboda zai yi ta kokawa da ruwan har ƙarfinsa ya ƙare. Wanda hakan ta same shi ya yi iyo a gefe, ya bi tsawon gaɓar har ya fita daga jan, sannan ya nufo tudu.

Alhajin Idi-Araba:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Abin da zan ƙara shi ne batun rigar kariya da lokaci. Kada ka yarda ku shiga jirgin da ba a ba kowa riga ba, kuma ka duba cewa ta yara daidai jikinsu take, an ɗaure ta sosai, domin rigar manya takan zame daga jikin yaro da zarar ya faɗa ruwa. A watan Yuli na 2022, ana jajibirin Babbar Sallah, wani jirgi da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan duhu ya yi ya kife, mutane fiye da goma suka rasu, har da ƙananan yara. Allah Ya jiƙansu. Ku tafi da safe, ku kamo hanyar gida da la'asar, kuma idan hadari ya haɗo ko an cika jirgin fiye da kima, ku jira na gaba.

Baban Sadiya, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri. Na ajiye maganar kogi, Tarkwa Bay za mu je in sha Allahu. Saura tambaya ɗaya, Hajiya: ƙaramarsu shekararta huɗu, shin ana samun riga daidai ita a tashar, ko in saya mata kafin mu fito?