Me za mu kira sikizofireniya da Hausa?

'Yan uwa, ku taimaka mini. Aikin jinya nake yi a nan Garwa, a Kamaru. Likita ya rubuta wa wata uwa sunan ciwon ɗanta, sikizofireniya, wani ciwon ƙwaƙwalwa, da Faransanci, ta juyo gare ni, takardar na rawa a hannunta, ta ce: "'Yata, da Hausa fa?" Na rasa ta cewa. "Hauka" zagi ne, "taɓin hankali" kuma buhu ne, kome ana zubawa ciki.

Eugen Bleuler, likita ɗan Suwizalan, ya haɗa sunan a 1908 daga kalmomin Girkanci biyu: tsagewa da hankali. Shi ya sa wasu ke cewa "rabewar hankali". Ban yarda ba. Mai ji zai ɗauka mutum biyu ne a jiki ɗaya, daga nan sai maganar iska. Japan ma ta sauya nata sunan a 2002 saboda ƙyamar da yake jawo wa marasa lafiya.

Ina son sunan da zai nuna ciwo ne na jiki. A 2016 masu bincike a Harvard suka danganta ciwon da C4, wani sinadarin garkuwar jiki. Lokacin balaga ƙwaƙwalwa tana rage mahaɗan jijiyoyin da ba ta bukata: C4 ya yi musu alama, ƙwayoyin garkuwa su cinye su. Wannan aiki ni na sa masa suna "sassabe". Ana zargin wanda nau'in C4A ya yi masa yawa, addar takan wuce kan ƙaya ta sare har da itacen amfani. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma ku lura, ciwon yakan bayyana ne a shekarun samartaka.

Wani malami daga Marwa ya amsa: "Ƙanwata, sassabe ya zauna. Ciwon kuma, me zai hana warwarewar tunani?"

Wata dattijuwa daga Ngaundere ta ce: "Malam, a'a. In an ce mara lafiya ya warware, ai sauƙi ya samu. Ku ce sarƙewa, kamar zaren da ya sarƙe wa mai saƙar hula. Ba jefar da shi take yi ba, zama take yi da shi."

Gwaggo, na karɓa. Jiya uwar ta dawo karɓar magani, na ce mata ciwon sarƙewar tunani ne. Ta maimaita sau biyu a hankali, sannan ta tambaye ni ƙarfe nawa zai riƙa shan ƙwayar dare.