Matar uba mun saba, amma uwar da ta haifa?

Ɗan Taura:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon caji da tura fina-finai a gefen Gujungu, kuma akwai wani fim mai dogon zango da ya hana mu sakat tun bayan ƙaramar sallah. Ba zan kama suna ba, kar a ce talla nake musu. Wanda ya gani ya gane: matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu da gona, tana fita takaba ta auri wani dillali, ta sayar da gonar marayun a ɓoye. Da babban ya taso da maganar, sai ta je gaban alƙali ta rantse shi ya kwashe mata kuɗi, aka ɗaure shi.

Ni ba kotun ce ta tsaya min a rai ba. Wurin rabon tuwo ne. Ta cika wa 'ya'yan sabon mijin kwano har da man shanu, sannan ta kankaro ƙanzo ta tura wa 'yar cikinta da ƙafa, ko kallonta ba ta yi ba. Ba kiɗa, ba kuka, yarinyar ta ɗauka ta ce an gode.

Ranar Lahadi da kasuwa ke ci, yara na ta kawo memori a tura wa iyayensu ci gaban. Amma wata tsohuwa da ƙafarta ta zo, ta ce in goge shi daga wayar surukarta, wai ƙarya ce tsagwaronta, uwa ba ta yin haka. To don Allah ana samun irin wannan uwar, ko 'yan fim ne suka wuce gona da iri?

Maman Walida, Kazaure:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ana samu, faɗa ne ba a yi. In matar uba ce kowa zai buɗe baki, in uwa ce sai a ce rufin asiri. Akwai yarinya a layinmu mai tallar awara, duk ranar da ta yi kwantai ba ta shiga gida sai an yi isha'i, tana raɓe a zauren maƙwabta tana jiran uwar ta yi barci. Kuma ita ta haife ta, kamarsu ɗaya.

Inda fim ɗin ya gaza a wurina shi ne bai nuna mafarin abin ba. Sau da yawa za ka tarar auren dole aka yi wa matar tana ƙarama, ta tsani mijin, yaron kuma ya ɗebo fuskar uban. Ga kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, daga yaye a kai shi wurin kaka ya zauna can. Yawanci kara ce kawai, soyayyar na nan a ciki. Amma wata a nan take fakewa, har ya girma ba wanda ya lura ƙiyayya ce. Ba kare ta nake ba fa.

Malam Mai Allo, Ringim:
Ban kalla ba, a bakin ɗalibai nake ji. Ta fuskar shari'a dai, matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni ne rabonta, ɗaya bisa takwas. Sauran na magada ne, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu, ba ta ware uwa ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ma yana nan, da Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da aka fifita ɗa ɗaya da ita. Sai dai an ce min yaron ya ɗaga mata murya har ya nuna ta da yatsa, matasa na ta tafi. Nan kam a kula. Ya nemi haƙƙinsa a kotu, halal ne. Amma aya ta 15 a Suratu Luƙman, iyayen da ke tura ɗa ga shirka ma cewa aka yi kar ya bi su, kuma ya zauna da su da kyautatawa.

Na Wudil:
Allah gafarta Malam, ni labarin ne ma bai shige ni ba. A wane ƙauye mace za ta sayar da gonar gado baffannin yara na raye? Ina mai unguwa, ina dagaci, ina maƙwabtan iyaka da ake kira shaida? Marubucin ɗan birni ne, bai taɓa ganin cinikin gona ba. Tun 2001 Kano ke da hukumar tace fina-finai, ita tarbiyya take dubawa, amma da za a samu mai tace rainin hankali da rabin na YouTube ɗin nan ba su fito ba.

Ɗan Taura:
Na gode Malam, na gode Yaya Maman Walida. Na Wudil, ashe ba ka kai kashi na tara ba. Baffan ne ya kawo mai sayen, an yanka masa la'adarsa, shi ya sa bakinsa ya mutu. In kana shigowa Gujungu ranar kasuwa, taho da memorinka.

Maman Walida, Kazaure:
Kai ma ka ɓata min, ni a na bakwai nake! Wai baffan nan mai carbi?