Fikof ɗin jita da na naɗa da hannuna yana cinye batir, ga biki ranar Asabar

Ɗan Yelwa, Garwa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na naɗa fikof na jita, wato kwayil ɗin waya da ke ɗaukar sautin tsirkiya, da waya mai lamba 42, na haɗa masa ɗan firi'am mai ƙara ƙarfin sauti, na cif ɗin TL072, da batir 9V. Sauti ya fito, amma batir ba ya kai mako ko da jitar na rataye a bango. Akwai gurnani da ke raguwa in na dafa ƙarfen jak, inda ake soka igiyar amfilifaya, kuma in na doki tsirkiya da ƙarfi sai sautin ya dagule. Jak ɗina mono ne. Muna da biki a garin Gidar ranar Asabar. In ci gaba da gyara ko in cire firi'am ɗin in kaɗa haka nan? Batir sabo ne.

Mai Ganga: Wa alaikumus salam. Canza batir.

Ɗan Yelwa: Haba ɗan'uwa, karanta layin ƙarshe.

Baba Mai Rediyo, Marwa: Ɗana, jak ɗin ne ɓarawon. Da mono firi'am yana kunne dare da rana. TL072 na jan kusan 3mA, batir 9V mai kyau kuwa bai wuce 500 zuwa 600mAh ba, ka yi lissafi, mako guda ke nan. Nemi jak sitiriyo, ka ɗaura baƙar wayar batir a ƙafar tsakiya, sai an soka igiya wuta za ta zagaya. In ka samu cif ɗin TL062, shi cinsa bai kai 0.5mA ba, sai dai yana ɗan huci. Dagulewa kuma, ɗora mita a ƙafa ta uku ta cif ɗin TL072, ya kamata ka ga 4.5V. In babu, rizista biyun da ke raba wutar ba daidai suke ba.

Garba Solo, Kuseri: Ni dai kada wanda ya ƙara ce mini mai rediyo. Bara na kai jitata wurin wani a Njamena, gurnani kawai take. Ya ce in dawo jibi. Jibin nan ta zama wata biyu, kullum ina ƙetare gada a kan babur, kullum "yaro ya tafi da makulli". Ranar da na karɓa, ya ɗora ƙarfen dalma a jikin fikof har robar ta narke ta lanƙwashe, wayar ciki mai kamar gashi ta tsinke, ya liƙe wurin da cingam ɗin taya. Ya kuma ce in biya kuɗin aiki! Jitar da yayana ya bar mini ce kafin ya rasu.

Hajiyar Amshi: Allah ya jiƙansa. Kai ma Garba, wa ke barin kayan gado wata biyu a hannun mutum?

Garba Solo: Hajiya, surukin maƙwabcina ne, kunya ta hana ni ɗaga murya.

Baba Mai Rediyo: Garba, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tun kana goye nake riƙe da ƙarfen dalma.

Malamin Lantarki, Ngaundere: Baba, a gafarce ni, kun bar gurnani. Wutarmu 50Hz ce, ita kwayil ɗin ke tsinta. A shimfiɗa takardar alminiyam cikin ramin da fikof yake, a haɗa ta da ƙasa, wato ƙarfen jikin jak, a kuma ja waya daga nan zuwa gadar tsirkiya, ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai. Bolum ɗin ma a sa 25k.

Mai Ganga: Amma masu EMG, kamfanin da ke ƙera fikof mai batir, cewa suke kada a haɗa wayar gada.

Malamin Lantarki: Nasu a rufe yake ruf tun daga masana'anta. Na Ɗan Yelwa tsirara yake.

Baba Mai Rediyo: Malam, allo daban, teburin gyara daban. Ka taɓa naɗa kwayil?

Ɗan Yelwa: Don Allah, nawa jak sitiriyo yanzu?

Mai Ganga: 500 sefa a babbar kasuwa.

Garba Solo: Ina? 1,500 na saya.

Hajiyar Amshi: Ƙanena ya ce a Mubi ko 300 bai kai ba. Garba, kai kam ko'ina sai an yanke ka.

Sarkin Zolaya: Ka cire komai ka ɗauki gurmi, ba ya cin batir. In ya yi gurnani ma sai a yi maka liƙi.

Mai Ganga: Ku bar jita, ku zo kan janareton masu biki. Wancan satin a Pitowa suka jona mana lasifika layi ɗaya da firijin kankara. Duk sanda firiji ya tashi sai amfilifaya ta yi tari. Ƙarshe uban ango ya ce kiɗa bai yi daɗi ba, ya zabge rabin kuɗin.

Hajiyar Amshi: Rabi ma ka samu. Mu cewa aka yi liƙin da aka yi mana shi ne ladanmu, ga kuɗin mota daga aljihunmu.

Garba Solo: Shi ya sa yanzu sai an ba ni kafin alƙalami nake fita daga gida.

Ɗan Yelwa: Baba, ƙafa ta uku daga wane gefen ake ƙirgawa?

Sarkin Zolaya: Ɗan Yelwa, kai an biya ka na Asabar ɗin kuwa?