Musayar waƙa: jirgin Joola da gidan tunawa na Ziginshor

Matafiyi:
Assalamu alaikum. Fatauci ya kai ni yankin Kasamans a kudancin Senegal, na shiga gidan tarihin da aka buɗe a 2024 don tunawa da jirgin ruwan Joola. Amsa-amonmu na wannan karon "wa" ne, mai ƙwar huɗu da mai ƙwar biyu duk bismillah.

Da sunan Allah na fara,
Salati ga Annabi na ƙara,
Ku matso 'yan'uwa ku saurara,
Yau zancena yana kan ruwa.

Ziginshor, a bakin kogi,
Daga nan ne ya tashi, jirgi,
An gina gidan hawaye da zargi,
Suka ce da shi gidan tunawa.

Na shiga, ga hotuna a jere,
Ga ɗalibi, ga mai sabon aure,
Ga uwa da 'ya'yanta tare,
Dare guda suka yo nutsewa.

Wata tsohuwa na gani a tsaye,
Ta ɗora yatsa kan sunaye,
Ba ta kuka, babu hawaye,
Leɓenta kaɗai ke motsawa.

Na ce "sannu Inna" da Hausa,
Ta dube ni, baƙo daga nesa,
Ta kaɗa kai, shi ne amsa,
Ta ci gaba da shafawa.

Ga wanda bai san labarin ba: ranar 26 ga Satumba, 2002, Joola ya taso daga Ziginshor zai je Dakar, ya tsaya a tsibirin Karaban ya ƙara mutane da kaya. Wajen ƙarfe 11 na dare iska da ruwan sama suka same shi daura da gaɓar Gambiya, ya kife cikin 'yan mintuna. Mutum 580 aka ƙera shi ya ɗauka, har da ma'aikata. Gwamnati ta ce 1,863 ne suka rasu, sun fi na Taitanik yawa, iyalai kuma sun ce adadin ya wuce haka, don ƙananan yara ba a yanka musu tikiti. Mutum 64 suka tsira, mace ɗaya ce tak a cikinsu.

Malamin Zaure:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗana, ka taɓa mini zuciya,
Sai dai ka riƙe wannan gaskiya:
Ba mai wuce ranarsa a duniya,
A kan gado ko cikin igiyar ruwa.

Wanda ruwa ya ci shahidi ne,
Faɗar Manzo, tabbatacce ne,
Ƙasan teku wuri sananne ne
Ga Mai tashin kowa da kowa.

Ginin tunawa yana ta da miki,
Ya mai da maraya baƙin ciki,
Addu'a ita ce babban aiki,
Da ita mamaci ke ƙaruwa.

Jikar Masunta:
Baba, na rusuna, ka gafarta,
Ƙaddara ba mai musanta ta,
Amma taguwa an ce a ɗaure ta,
Sannan a bar wa Mai kowa.

Wa ya yanka tikiti ya wuce ƙima?
Wa ya bar jama'a suka cika sama?
Jirgi ya yi nauyi a ka, ba dama,
Iska ta taɓa sai juyawa.

Inji biyu, guda ya mutu,
Ga yara sun gama hutu,
Za su Dakar neman karatu,
Aka tura su hakan, ba dubawa.

Ya kife, bai nutse nan take ba,
Na ciki suna bugu, ba a buɗe ba,
Masu ceton hukuma ba su iso ba
Har sai da gari ya yi wayewa.

Masunta ne da kwale-kwale
Suka fara tsamo na wahale,
Irin kakana, ba sa ƙyale
Mutum a ruwa yana kiran 'yan'uwa.

Baba, wannan ne ya hana ni barci. Jirgin gwamnati ne, sojoji ke tafiyar da shi, kuma ya kwana a kife yana shawagi har washegari da rana, da masu rai a cikinsa, kafin ya nutse.

Ɗan Damagaram:
Ni direban babbar mota ne, na bi hanyar, kuma ƙwar biyu na iya.

Kada ku ga laifin masu cika jirgi,
Talaka bai da zaɓi da yawa.

Gambiya ta shiga tsakiyar Senegal,
Kudu da arewa sai da tsallakawa.

A Farafenni ka kwana layin fito,
Kayan gwari a mota suna ruɓewa.

Hanyar Kasamans ga 'yan tawaye,
Tun 1982 ake fafatawa.

Mata masu manja da busasshen kifi,
Joola ne hanyarsu, zuwa da dawowa.

Gadar da ta sauƙaƙa wa matafiya,
Sai 2019 aka yi buɗewa.

Malamin Zaure:
'Yata, maganarki ta zauna,
Ran fasinja ai amana,
Mai cin ta gobe zai gana
Da Alƙalin da ba ya mantuwa.

To ɗana Matafiyi, faɗa mini,
Wa aka kama, wa ya yi bayani?
Ko an bar zancen ga zamani,
Ya binne shi babu tonawa?

Matafiyi:
Baba, ka taɓo inda ya fi ci mini rai.

A 2003 aka rufe shari'a,
Aka ce kyaftin ya cuci jama'a,
Shi ko ya nutse a wannan sa'a,
Matacce ba ya musantawa.

Shugaba Wade ya sauke manya,
An biya magada kuɗin diyya,
Kotu kuwa ba ta ga ƙeya
Ta mutum guda ba, bare hukuntawa.

Na je Kanten, maƙabarta,
Kaburbura da yawa ba a rubuta
Suna ba, gawar ba a shaida ta,
Saura suna jirgi, ba a cirowa.

Firaminista Mame Madior Boye ta rasa kujerarta a Nuwamban 2002. Diyyar sefa miliyan 10 ce a kan kowane mamaci. Iyalan Faransawan da suka rasu a ciki sun kai ƙara a ƙasarsu, ita ma daga ƙarshe aka kore ta. Gawarwakin da aka samu an binne su a wurare huɗu, ɗaya a Gambiya, amma mafi yawan mutanen ba a taɓa ganin gawarsu ba. Har gobe iyalai na neman a ɗago jirgin.

Uwar Marayu:
Malam, ni ma na rasa ɗana,
Amma na san inda yake kwana,
An suturta shi a kan idona,
Wannan ya rage mini damuwa.

Su kuwa nasu na ƙasan teku,
Sun roƙi shugaba ɗaya, biyu, uku,
Ku duba, Malam, da a ce naku ne ku,
Za ku so a bar shi ba ɗagowa?

In babu kabari a bar musu bango,
Da sunan amarya da na ango,
Nan ne ya zame musu zango,
Miki ne ake ɗaurewa.

Tsohuwar da ɗanmu ya ba labari,
Yatsanta ya samu wurin kabari,
Addu'ar da kuke so, da haƙuri,
Ai ita ce leɓen ke karantawa.

Malamin Zaure:
Allah ya jiƙan ɗanki, Hajiya, ya sa mai ceto ne.

Bangon suna na sallama,
Ɗago jirgi nake tantama,
Ƙashin mamaci yana da girma,
Ina tsoron a yi tarwatsawa.

Uwar Marayu:
Amin, Malam. A wannan ba mu haɗu ba. Masu gawa ke da ta cewa, kuma sun daɗe suna faɗa.

Jikar Masunta:
Mu waiwayo gida, ga Warra,
Jirgi ya tsage a tsakar Kwara,
A Bagwai 'yan Islamiyya, yara,
Za su Mauludi, ba dawowa.

Patigi, 'yan ɗaurin aure,
Suka taso gida da tsakar dare,
Ina aka sa sunansu a jere?
Sadakar bakwai, sai mantawa.

Na Warra a jihar Kebbi da na Bagwai a jihar Kano duka a 2021 ne, na Patigi a jihar Kwara kuma 2023. Duk ukun lodi ya wuce ƙa'ida. Mutanen Ziginshor sun fi shekara 20 suna matsa wa gwamnati kafin su samu gininsu. Mu ko allo ɗaya mai sunaye ban taɓa gani a bakin mashaya ba.

Mai Fito:
Yaya, da mu ake, bari in sa baki.

Ni mai fito ne, ga uzurina,
Kuɗin mai ya karya jarina,
In na ce ya cika a zagi ubana,
Wai ga yamma ina hana su wucewa.

Mai buhu ya ce buhu ba mutum ba ne,
Mai goyo ta ce goyo ba lodi ba ne,
Rigar ruwa a ce ai zafi ne,
A zauna kanta maimakon sawa.

In na ƙi, na baya zai kwashe,
Ya tafi da ruwa yana taɓa kashe-kashe
Na katakon gefe, ana yashe
Ruwan ciki da kwano, ana tafawa.

Labarin Joola na ji shi yau,
Zan kai shi tasha in faɗa da kyau,
Gobe kasuwa, iya kujeru zan ɗau,
Mai zagi ya jira ni in yi dawowa.

Yaya Matafiyi, don Allah turo mini adadin nan biyu a waya, 580 da 1,863, in nuna wa shugaban tasharmu. In ni kaɗai na rage lodi, fasinjan wani jirgin za su shiga. Sai mun yarda gaba ɗaya a kan adadi, kuma a daina tashi bayan magariba.