Ƙurajen da ke zuwa da amosanin gaɓɓai a jikin yara

Malamar jinya: Salamu alaikum. Iyaye kan ce yaro na fitar da ƙuraje da yamma, amma in an kawo shi asibiti da safe sai a ga fata sumul. Masu duba yara, me kuke lura da shi?

Likitan yara: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Haka nau'in amosanin gaɓɓai da ake kira cutar Still yake yi. Zazzaɓi ya haura digiri 39 sau ɗaya ko biyu a rana, yawanci da la'asar, har sama da mako 2. Ƙurajen ƙanana ne, shafe da fata, a ƙirji, ciki da cinyoyi. Suna fitowa tare da zazzaɓin, su ɓace in ya sauka. A baƙar fata jansu ba ya fitowa sosai, don haka a ɗauki hoto kusa da taga lokacin da jiki ya yi zafi, a rubuta lokacin. Kyanda kuwa daga fuska take farawa, ga tari da jan ido, kuma tana kwanaki. Sau da yawa an sha maganin maleriya zagaye biyu ko uku kafin wani ya tuna ya taɓa gwiwa ya duba ko ta kumbura.

Likitar fata: A duba farce ma. Ƙananan ramuka kamar an caka allura, da yatsa guda da ya kumbura tun daga tushe, alamar nau'in amosanin da ke zuwa da soriyasis ne, wata cutar fata mai ɓawo. Ɓawonsa fari-fari yana zama a gwiwar hannu, cibiya, bayan kunne da fatar kai, har a ɗauka makero ne. Kada a yi tsaga, domin sabon tabo kan fito daidai inda aka ji wa fata rauni. In jariri ne hannu da ƙafa suka kumbura, a fara da gwajin sikila.

Mai harhaɗa magunguna: Methotrexate, maganin da ake bai wa masu wannan amosanin, sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba. Gyambon baki na iya nufin an yawaita shi ko an bar folik asid, bitamin ɗin da ake haɗawa da shi.

Likitan yara: Idan zazzaɓin ya daina sauka, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata, dasashi na zubar da jini, ko yaro ya yi laushi, a kai shi asibiti a daren. Za a auna feritin, wani sinadarin jini da ke hauhawa in kumburi ya tsananta, da ƙwayoyin daskarar da jini.