Na ja mota da sabuwar Hilux ɗin maigidana, hankalina ya ƙi kwanciya

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi. Don Allah ku taimaka da shawara, daren jiya ban runtsa ba. Shekara 9 ke nan ina tuƙa Alhaji, tun yana hawa tsohuwar 406. Ni nake kai yara Islamiyya, ni na kai Hajiya asibiti haihuwar autarta, bai taɓa ɗaga min murya ba sai ranar da mai adaidaita ya goge mu a Ƙofar Nassarawa, shi ma ba laifina ba ne. To makon jiya ya sayi Hilux dal, ko ledar kujeru ba a cire ba, ya tura ni Abuja in ɗauko. Ina hanya ƙaninsa ya kira, wai motarsa ta mutu a Kwanar Dangora, ga iyali a ciki, magariba ta kawo jiki. Na ɗaura igiya na ja su har Kano. Da na tsaya sai na ji wani ƙauri. Yanzu wani ya ce min na kashe injin, tunda motar tana ranin, wato lokacin da ake lallaɓa sabon inji kafin ya zauna. Kuma ranar Asabar Alhaji yana so in kai taki gonarsa ta Kura. In faɗa masa ko in ja bakina?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Wa'alaikumussalam. Kwantar da hankalinka. Ranin zancen da ne, lokacin da in an ɗaure inji sai a rubuta "ranin" a gilashin baya. Injin yanzu tun daga kamfani an gama da shi. Ƙaurin nan kulocinka ne ka ƙona wajen tashi da nauyi. Mai giya ce ko otomatik?

Malam na Zariya: Oga, a yi haƙuri, littafin da ke zuwa da motar bai ce haka ba. Toyota sun rubuta: kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi, 800 na farko kada a ja tirela, 1,000 na farko ban da gudun wuce kima, ban da danna totur gaba ɗaya, ban da daɗewa a gudu iri ɗaya. Zoben fiston yana buƙatar lokaci ya zauna da bangon silinda, haka haƙoran giya da na difa, wato akwatin da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji. Abuja zuwa Kano kilomita 400 ne da 'yan kai, ke nan bai kai 800 ba ya ja. Baban Amira, nawa maleji ya nuna?

Baban Amira: Malam ai ban yi gudu ba. Wa ma ya isa ya daɗe a gudu ɗaya a hanyar Kaduna da wannan aikin titin? Kuma mata da yara ne a daji, in wuce su?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Littafi daban, aiki daban. Shekara 26 hannuna cikin baƙin mai. Hilux nawa ake fitowa da su daga leda a wuce kai tsaye wajen aikin hanya? Wacce ta mutu? Mai littafin nan kare kansa yake yi saboda garanti.

Direban Tanka: Ni dai kada ka faɗa. Na taɓa yin gaskiya irin wannan, na gaya wa mai mota taya ta fashe a wajen Lokoja, wata uku ana yankar albashina, alhali tayar tun kafin in karɓi motar ta suɗe. Masu kuɗin nan ba su san gaskiya ba. Har yau kuɗin abincina na tafiya biyu yana wurinsa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan rodaj muke ce wa ranin. Ka juye baƙin mai a kilomita 1,000 tare da filta, ɓurɓushin ƙarfe ya fita, shi ke nan. Amma ka lura da inda za ka saya, jabu ya yi yawa. Ni galan aka sayar min da hatiminsa da komai, sati biyu injin ya fara ƙara kamar ana daka.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Kada ya kuskura ya juye a bakin titi. Motar garanti ce, wurin dila ake kai ta, su buga hatimi. Amma batun taki, ka loda abinka.

Malam na Zariya: Yanzu kuma garantin ya zama abin kulawa? Ni shawarata ka bar Asabar ɗin nan. A ɗauki hayar akori-kura ta kai takin, kai kuma ka yi ta zirga-zirgar gari da ita har ta haura 1,000. Sannan ka gaya wa Alhaji da bakinka, ai ƙaninsa ka taimaka, kuma shi ƙanin ba zai yi shiru ba.

Baban Amira: Ba ku san Alhaji ba ne. In na ce a yi haya zai ce to me ya sayi motar ta yi. Kuma ƙanin nasa ba sa shiri sosai tun rabon gado, shi ya sa ma nake tsoro. Ni a ganina ban yi kuskure ba, a giya ta biyu da ta uku na yi ta lallaɓawa.

Malam na Zariya: Daɗewa a ƙaramar giya ma yana cikin abin da aka hana.

Baban Amira: To da ta nawa zan ja? Ƙaurin ma yau da safe ban ji shi ba.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ka ji ko? Na faɗa muku. Buhu nawa ne takin?

Baban Amira: Ya ce 30.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Buhu 30 mai kilo 50? Tan ɗaya da rabi ke nan. Hilux wajen tan ɗaya take ɗauka, ko tsohuwa ce sifirin zai kwanta. Ka yi sawu biyu.

Baban Amira: Man sawu ɗaya ya ba ni.

Direban Tanka: Ka gani ko? Duk halinsu ɗaya. Wai akwai wanda ya san nawa dizal yake yau a Hotoro?